Kaushin Kazar Maman Rifkatu

A gidanmu na Zandam ba a samun tatsuniya a banza, sai ka riƙe kaza. Kakata ta wajen uba, wadda kowa a gidan har babana yake kira Inna, ita ta kafa wannan doka, kuma ba ta taɓa sassauta ta ba ko ga baƙo. In an idar da magariba an sauke tuwo, kaji sun shige akurki ba sa gani balle su yi gardama, sai ta jawo kaskon wutarta bakin ƙofar ɗaki, ta kunna fitilar ƙwai ta rataye a ƙusa, ta ce a fito mata da majinyata. Mu yara sai mu zauna a tabarma, kowa da kaza a cinya, ya danne fikafikan da hannu ɗaya, ya miƙa mata ƙafafun da ɗayan.

Ciwon da take magani kaushi muke ce masa, wasu su ce kirci. Ƙafar kaza mai lafiya sumul take, ɓawonta a kwance. In kaushi ya kama ta sai ɓawon ya ɗaɗɗago, ya yi fari, ya yi ta hawan juna har ƙafar ta koma kamar an shafe ta da busasshen ƙullu. Kazar ta dinga ɗingishi, tana tsattsagar ƙafar da baki, ta rame, ta daina ƙwai. Inna ta ce wasu ƙwari ne da ido ba ya gani suke shiga ƙarƙashin ɓawon su yi gida. Mu dai ba mu yarda ba, don abin da ba mu gani ba a wurinmu babu shi. Sai da na girma wani malamin dabbobi ya maimaita min maganarta kusan kalma da kalma.

Aikin nata ba wuya, sai cin rai. Ta tsoma ƙafar a ruwan ɗumi da sabulun salo har ta yi laushi, ta tsane da tsumma. Sannan ta zuba man gyaɗa a ɗan kasko, ta barbaɗa garin farar wuta kaɗan, ta cakuɗa, ta ɗauki gashin fiffike ta dinga shafawa daga yatsu zuwa sama, yadda man zai shige ƙarƙashin ɓawo ya toshe wa ƙwarin numfashi. Bayan kwana uku a sake. A share akurki, a ƙone sharar, a zuba toka, a shafe sandar da suke kwana a kai da man. Haka za a yi ta yi mako da makonni, har tsohon ɓawo ya zube da kansa. Matan unguwa har da na ƙauyukan kusa suna kawo mata kajinsu, ba ta karɓar komai, sai dai in an ƙyanƙyashe a aiko mata da ɗan tsako. Duk matar da ta shigo da kaza a hammata, za ka ga Inna ta gyara zama tana wani ƙasaita. Abin da ya rage mata ke nan a duniya wanda ta fi kowa iyawa, kuma ta san da haka.

Ni sunanta aka sa min, don haka Ummana ba ta iya kiran sunana, sai dai ta ce Maisuna. Inna kuwa Takwara take ce min, kuma takan ce an yi asarar suna, don ita ba a taɓa jin ta da gaggawa ba, ni kuma ko kunu ba na jira ya huce. Gaskiya ta faɗa. Shekarata tara a lokacin, bakina ya fi jikina girma.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Sai ta tsoma gashin a mai, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ku kama ƙafa, ni in kama zance." Mu ce, "Mun kama." Abin haushin shi ne ba ta ba da labari gaba ɗaya. Gutsure shi take yi. Ranar shafa mai kawai ake ci gaba, kuma ba a jin ƙarshe sai kazar da ta fi kowace ciwo ta warke. In ka matsa mata ta ce, "Je ki roƙi kazar, ba ni ba."

A shekarar da nake magana, kazar da ta fi kowace ciwo ba tamu ba ce. Ta Maman Rifkatu ce, matar ma'aikacin ɗakin shan maganin garinmu. Kiristoci ne, daga can kudancin Bauchi aiki ya kawo mijin, suna haya a bayan gidanmu. Mace ce mai sanyin murya, kullum da ɗankwali ɗaure tamau, in ta shigo sai ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna. Kazar wata wake-wake ce babba, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi, ƙafafunta sun yi kauri sun kusa kai babban yatsana biyu.

"Inna, wannan ba don ƙwai nake kiwonta ba," in ji ta. "Mamata ce ta ba ni ranar da za mu taso. Bara ta rasu."

Inna ta juya ƙafar a hasken fitila, ta ce, "Allah Ya ji ƙan iyaye. Bar ta a nan, 'yata. Za ta daɗe, amma za ta tashi."

Da wannan kaza aka fara sabuwar tatsuniya, kuma ni ce mai riƙe ta, don na fi sauran girma.

Wai a da can, in ji Inna, babu mai kyan ƙafa a cikin tsuntsaye kamar Kaza. In ta fito kiwo har zabi sukan tsaya kallo. Wata rana hadari ya taso, sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin baƙi su bakwai, suka ce, baiwar Allah, a ba mu masauki na kwana ɗaya, ko a ƙarƙashin ɓawon ƙafarki ma ya ishe mu. To, uwar Kaza ta sha ja mata kunne kada ta saukar da wanda ba ta san gidansu ba. Amma baƙin sun yabi ƙafar, yabon ya yi mata daɗi, ta ce ku shiga. Gari ya waye ba su fita ba. Suka ce wai ɗaya daga cikinsu ta haihu, a bari a yi suna. Aka yi suna, dangi suka zo barka, su ma ba su koma ba. Inna takan maƙale murya ta yi maganar baƙin, siririya kamar ta sauro, mu yi ta dariya har kaji su firgita.

Da uwar ta tambayi Kaza me ya sa take ɗingishi, sai ta ce ƙaya ta taka. Ta koma kiwo cikin doguwar ciyawa don kada a ga ƙafar. In an taru sai ta kwanta a kanta, ta ce hutawa take. Baƙi kuwa suna ta gini, ɗaki a kan ɗaki, har suka yi unguwa da mai unguwa. A ƙarshe da tafiya ta gagara, Kaza ta ja jiki da asuba zuwa gidan wata tsohuwa mai magani a bayan dutse, ta yi sallama, tsohuwa ta leƙo.

Nan Inna ta goge hannu a zani, ta ce a mayar da kaji.

"Inna, me tsohuwar ta ce?"

"Takwara, dubi ƙafar da ke hannunki. Ta yi miki kama da wadda ta warke?"

Ba ta warke ba. Ɓawon ya fara laushi, wasu wuraren sun zube, amma da saura sosai. Inna ta ce aƙalla sai an ƙara sati biyu. Ni kuma a ranar Baba ya gaya min cewa Juma'a mai zuwa zan bi ƙanwarsa Birnin Kudu in yi hutu a can. Wato ƙannena, waɗanda rabinsu barci suke yi a kan kaza, su za su ji ƙarshen, ni da na riƙe wake-wake tun ranar farko in tashi a tutar babu. Abin ya tsaya min a rai. Na roƙe ta ta raɗa min a kunne, na yi rantsuwa ba zan faɗa wa kowa ba, na yi fushi na ƙi cin tuwo. Ko a jikinta.

Washegari aka aike ni injin niƙa. Ina tsaye a layi na ji wani mutum yana ba mai injin labarin kajinsa, yana cewa shi ba ya wannan wahalar ta mata, kalanzir yake tsoma musu ƙafa sau ɗaya, shi ke nan an wuce wurin. Ban ji ko yana gauraya shi da wani abu ba, ban ji tsawon lokacin da ake bari ba, ban kuma tambaya ba. Na ɗauki garina na taho gida ina jin kaina wata gwana.

Ranar Laraba Inna da Umma suka tafi barkar haihuwa a ƙauyen Maruta, Baba yana gona. Na shiga ɗakin Inna. A bayan ƙofa take ajiye kwalabe biyu, ta man gyaɗa da ta kalanzir ɗin fitila. Na tsiyaya kalanzir a gwangwanin madara, na kamo wake-wake, na kai ta bayan rumbu. Ba ta yi min gardama ba, abin da ya fi ci min rai ke nan har yau. Ta saba da hannuna, ta ɗauka man ne za a shafa mata. Na tsoma ƙafafun har inda gashi ya fara, na riƙe. Ta fara fizga, na ƙara dannewa, ina ce mata yi haƙuri yanzu za ki warke. Na daɗe, wallahi na daɗe. Da na ciro na ga ɓawon yana nan, sai na ɗauko cokali na dinga kankarewa da bakinsa. Yana ɓamɓaruwa, ina murna, har sai da na ga jini yana bin yatsuna. Ƙarƙashin ɓawon ba sabuwar fata ba ce kamar yadda na zata, jan nama ne.

Na mayar da ita akurki, na binne gwangwanin a bola, na wanke hannu da toka sau uku. Warin bai fita ba.

Da yamma duk kaji suka fito tsince-tsince, ban da ita. Inna ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta leƙa akurki kamar yadda ta saba. Ta fito da kazar a hannu. Ƙafafun sun kumbura sun yi jawur, fatar sama ta saluɓe, yatsun sun dunƙule, kazar ta buɗe baki tana haki. Inna ta kai hancinta kusa. Sannan ta ɗago ta dube ni. Ina bakin murhu na cusa hannuwana a hammata. Ta mayar da idonta kan kazar.

Kafin a yi wani abu sai ga sallamar Maman Rifkatu, ta zo duba kazarta kamar kullum, Baba kuma ya shigo da fartanya a kafaɗa. Matar ta karɓi kazar, ta duba, ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kururuwa ba, hawaye kawai suke zuba tana shafa bayan kazar. Baba ya sunkuya ya shinshina, fuskarsa ta canza. Babana mutum ne mai zafi, ga shi da gudun abin kunya a gaban baƙi.

"Wa ya yi wannan aikin?" Ya juyo wajenmu yara. "Da ku nake. Wa ya taɓa kalanzir a gidan nan?"

Kalma biyu ce, ni ce. Suna nan a bakina, na ji su. Na dubi hannun Baba, na dubi Maman Rifkatu, na haɗiye su.

"Kai, rabu da yara," in ji Inna. "Ni ce. Da safe kafin mu fita na ce bari in ƙara mata mai. Kwalaben a wuri ɗaya suke, na ɗauki wadda ba ita ba."

"Inna, kalanzir fa? Ko ido bai gani ba ai hanci zai ji."

"To, bai ji ba. Tsufa ne."

Ta juya wajen Maman Rifkatu, tsohuwa da furfurarta, ta ce, "'Yata, na ci amanarki. Ki yafe min." Matar ta kama hannunta tana cewa haba Inna, haba Inna, ba komai. Baba ya yanka kazar kafin ta mutu, amma ba wanda ya ci, saboda wari. Inna ta shiga akurki ta kamo babbar kazarta, uwar garke, ta sa a kai wa Maman Rifkatu. Sau biyu ana dawo da ita, a na uku ta karɓa don kada ta ɓata wa tsohuwa rai.

Da an tsaya nan, da da sauƙi. Bayan isha'i na ji Baba yana magana da Umma a ɗaki. Ya ce wanda ya kasa bambanta mai da kalanzir, gobe a miya zai zuba, ko ya kwana da wuta ya ƙone kansa. Ya ce ba ƙiyayya ba ce, tsoro yake ji. Da safe ya shiga ɗakin uwarsa da kansa, ya durƙusa, ya yi mata magana a hankali, ya fito da fitilar, da kwalbar, da kaskon wutar. Ya sayo mata tocila. Ina tsaye riƙe da tsintsiya ina kallo. Inna ta ce, "To, Allah Ya yi maka albarka," ta ci gaba da jan carbinta.

A daren Alhamis ɗin, jajibirin tafiyata, ta fito ta zauna a bakin murhun Umma, tunda nata kaskon babu. Ta kira mu. Ba kaza a cinyar kowa, karo na farko ke nan. Ta ce tunda majinyaciya ta tafi, ba sauran abin jira.

Wai tsohuwa mai magani ta leƙo ta ga Kaza kwance a kan ƙafafunta. Ta ce me ke tafe da ke? Kaza ta ce kaina ke ciwo. Tsohuwa ta ce to. Ta shiga ta dama magani ta fito, ta zauna, ta ce miƙo ƙafar. Kaza ta ce ai kai na ce. Tsohuwa ta ce na ji, miƙo ƙafar. Kaza ta ce in na miƙo za ki gaya wa uwata. Tsohuwa ta ce ni ba na kai ƙara, ba na kuma jawo ƙafar kowa da ƙarfi, ga magani nan a hannuna, in kin miƙo in shafa. Rana ta fito, rana ta take, rana ta faɗi, tsohuwa tana zaune da kasko a hannu, Kaza tana kwance.

Inna ta tura wani itace cikin wuta.

"Sai me?" in ji ƙanena.

"Ku za ku gaya min. Ta miƙa ko ba ta miƙa ba?"

Yara suka hau gardama, wannan ya ce ta miƙa, wancan ya ce kura ce ta zo ta cinye ta. Inna ba su take kallo ba.

"Takwara, ke fa? Ke da kika fi kowa son jin ƙarshe."

Na ce barci nake ji. Na tashi na shige ɗaki na ja zani na rufe har kaina. Da safe na hau mota zuwa Birnin Kudu, kuma in faɗi gaskiya, murna nake yi na tsira.

Da na dawo bayan sati uku, labari ya gama gari. Mata a bakin rijiya suna cewa Allah Sarki, Inna ta fara rikicewa. Ba wanda ya faɗa da mugunta, wannan ne ma ya sa ba yadda za a yi a musa. Aka daina kawo mata kaji. Mace ta shigo da kaza a hammata, ta gaishe ta da ladabi, ta wuce wajen Umma ta yi tambaya ƙasa-ƙasa. In Inna ta sa baki a magana sai a ce to Inna, a yi murmushi, a ci gaba da abin da ake yi. Tocilar ba ta dame ta ba, in batir ya mutu ba ta cewa a sayo. In sanyi ya shigo Umma takan gasa mata dutse ta naɗe a tsumma ta kai mata, don Baba ya hana a shigar da garwashi. Tatsuniya kuwa ta zama sai jefi-jefi, a murhun wani, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya.

Shekara shida Inna ta yi a haka. Kada wani ya ce ai yarinya ce, ba ta san abin da take yi ba. Na sani sarai. Mai shekara tara tana iya fakewa da tsoron bulala, mai sha uku fa, mai sha biyar fa? Kullum in na wuce ƙofarta bayan magariba na hango ta zaune a duhu, na san jimla ɗaya daga bakina za ta mayar mata da fitilarta. Sau da yawa na shirya maganar, har na tsaya a bayan Baba yana alwala. Sai in ce gobe. Da farko dukan nake tsoro, daga baya ba dukan ba ne, tambayar da za ta biyo baya ce: duk tsawon nan kina kallo kika yi shiru? Kowace shekara tambayar tana ƙara nauyi. Sai na koma yi mata hidima kamar baiwa, wanki, ɗebo ruwa, yankan farce, har ana yabona a unguwa ana cewa ga jikar kirki. Ita kuwa ba ta canza min ba, tsokanarta tana nan, in ta samu ƙuli-ƙuli ni take ɓoye wa. Ina makarantar kwana aka aiko ta rasu.

Yanzu ina aure a Birnin Kudu, ina koyarwa a firamare, ina da kaji goma sha wani abu a bayan gida. Bara kaushi ya kama uku daga ciki. Na yi musu yadda Inna ta koya min, sai dai ni man shafawa na kanti nake sa wa. Ina zaune ina shafawa, na kama kaina ina tunanin tatsuniyar nan. Shekaru da yawa na ɗauka Kaza aka yi wa labarin, a kan ɓoye-ɓoye da abin da yake haifarwa, kuma na daɗe da karɓar wannan a matsayin rabona. Ban taɓa tsayawa na dubi tsohuwar ba, wadda ta wuni zaune da kasko a hannu, ba ta ci ba, ba ta tashi ba, alhali ba ita ce mai ciwon ba.

Umma ta zo min kwana biyu a lokacin, ta fito ta same ni a kan aikin. Baba ya riga ya rasu, Maman Rifkatu kuwa tun ina aji shida aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, ban san inda take ba. Ba sauran wanda zan gaya wa sai ita. Ban ɗago kai ba na ce, "Umma, kazar Maman Rifkatu, ba Inna ba ce. Ni ce."

Na zaci za ta yi salati. Sai ta jawo kujera ta zauna.

"Na sani, Maisuna. A daren ta kira ni ta gaya min. Ta ce warin yana hannunki."

"Kin sani? Kika bari Baba ya ɗauke mata fitila?"

"Rantsar da ni ta yi. Ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. Ta ce in aka tona ki, duka kawai za ki sha ki manta, ita so take ki faɗa da bakinki." Umma ta goge ido da gefen mayafi. "Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, in na ga sanyi ya dame ta, nakan ce Inna, don Allah ki bari in gaya wa ɗanki. Sai ta ce, ƙyale min takwarata, ta kusa."

Kazar da ke hannuna ta fizge ta gudu, ban bi ta ba. Na tambayi Umma yaushe ne ƙarshen faɗin haka da Inna ta yi. Ta ce a satin da za ta rasu, da aka ce mata an kusa ba mu hutu.